Sai-Ni da Karen Mijin Yayarsa

A wani layi da tela da bakanike da mai wanki da guga suke da shaguna a jere, akwai wani mutum da kowa ya manta sunansa na yanka, Sai-Ni kawai ake kiransa. Dalili kuwa, ba a taɓa kawo zancen wani aiki a gabansa ba, ko gyaran rediyo ne ko haƙar rijiya, face ya bugi ƙirji ya ce, "Ai wannan sai ni." Shekara tara ya yi yana shara da goge kwalabe a wani kantin magani, har ranar da aka sallame shi saboda ya fara zaɓar wa mutane magani a bayan idon mai kanti. Tun daga nan yake zaune a gida, matarsa na sayar da ƙanƙara tana riƙe da su, shi kuwa duk wanda ya tambaya sai ya ce ritaya ya yi daga aikin likita.

Ran nan da hantsi sai ga mijin yayarsa, mai wurin sayar da katako, ya tsaya da mota a ƙofar gidan. A bayan motar akwai kare fari tas, ƙato kamar ɗan maraƙi, wanda yake gadin katakon.

"Tafiya ta kama ni, kwana bakwai zan yi," in ji mai katako. "Karen nan kwana uku ke nan yana sosa kunne, abinci ma sai ya ga dama. Na yi magana da likitan dabbobi, ya ce a kai masa shi gobe da safe. Ka kai shi, ka dawo da shi, ka riƙa ba shi abinci. Tsohon maigadina zai ajiye aiki ƙarshen wata. In na dawo na tarar da kare lafiya, gadin naka ne."

"Yaya, ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Ka san fannina ne."

"Ban ce ka duba shi ba. Cewa na yi ka kai shi."

"Na ji."

"Maimaita abin da ka ji."

"In kai shi."

Motar na shan kwana, Sai-Ni ya goya hannu a baya, ya zagaya karen sau uku yana gyaɗa kai. Matarsa ta fito tana murna da zancen aiki, sai ta ga irin zagayen da yake yi, murnar ta koma ciki.

"Hanta ce," in ji shi.

"Maigida, kunne yake sosawa."

"Daga hanta take hawa kunne. Ke me kika sani ban da ƙanƙara?"

"Na san an ce ka kai shi wurin likita."

"Likita ya kai mara lafiya wurin likita? Ki saurara ki ji. Da ganye zalla zan warkar da karen nan. Kafin Yaya ya dawo zai tarar da shi yana sheƙi. Daga nan sai in buɗe asibiti a ƙofar gidan nan. Duk mai kare, mai kyanwa, mai akuya, nan zai zo. Ni da ilimina in ƙare a kan benci ina gadin katako?"

"A kan benci dai kake zaune shekara uku, kuma ba katakon kowa kake gadi ba."

Washegari, maimakon wurin likita, kasuwa ya nufa, rumfar wata tsohuwa mai sayar da ganyaye da saiwoyi. Ya sa ta ɗaure masa ganyen darbejiya, da garin kurkum cikin leda, da tafarnuwa, da dami guda na filisko. Da ta ji kare za a ba, sai ta dakata da ɗaurin.

"Ɗan nan, ni na mutane nake sayarwa. Cikin kare ban san shi ba. Akwai abin da mutum zai ci ya yi ƙiba, kare ya ci ya miƙe ƙafa. Ka tambayi masu aikin."

"Iya, ai mai aikin ne a gabanki."

Ta dube shi sama da ƙasa. "To filiskon nan dai, abin da yatsa uku suka ɗauka ya ishi ƙaton mutum. Yana wanke ciki. Wanda ya wuce haka, kada ya yi nisa da gida."

"Shekara tara na yi a cikin magani."

"Ni na yi hamsin, kuma har yau tsoronsa nake."

Ya dawo gida ya ɗauki babbar tukunyar matarsa, ya dafa darbejiya, ya juye ledar kurkum duka a ciki. Da za a yi wankan, ya ƙi yi a tsakar gida. Wai aikin da ba a gani ba, ba a yi shi ba. Ya ja kare ƙofar gida, daf da igiyar da mai wanki ya shanya fararen kayan mutane, ya sheƙa masa ruwan tun daga kai har wutsiya, ya kuma ɗura masa kofi guda a kunnen da yake sosawa.

Kare ya tsaya cak na ɗan lokaci. Sannan ya girgiza, irin girgizar da take farawa daga hanci ta ƙare a wutsiya. Fararen riguna goma sha biyu suka koma kamar jikin zabuwa, ɗigo-ɗigon rawaya ko'ina.

Mai wanki ya fito riƙe da dutsen guga. Ya dubi igiya, ya dubi Sai-Ni.

"Me zan ce wa masu kayan nan?"

"Ka ce musu sun yi sa'a. Kurkum yana kashe ƙwayar cuta. Duk wanda ya sa rigar nan, ƙaiƙayi ba zai kama shi ba."

"Ɗaya a ciki ta ango ce."

"To ango ai shi ya fi kowa bukatar lafiya."

Da ba don tela ya riƙe hannun mai wanki ba, da an yi wa Sai-Ni guga a goshi. Kare kuwa da ya bushe, sai ya fito rawaya gaba ɗayansa, kamar an tsoma shi a tukunyar rini. Tela ya gyara tabarau ya ƙare masa kallo.

"Likita, jiya fari na gan shi."

"Cutar ce take fitowa. Ciwon hanta ai rawaya ne, ko yaro ya sani."

"Ashe. Ni na ɗauka daga tukunya ta fito."

A kwana na uku kare bai daina susa ba, sai ma ya ƙara da karkata kai gefe guda. Sai-Ni ya ce alama ce mai kyau, magani ne yake kokawa da cuta. Ya daka tafarnuwa ya cuɗa a abincin karen, ya kuma shirya wata a zare ya rataya masa a wuya kamar sarƙa. Warin ya ishi kare, ya fizge igiya, ya faɗa shagon bakanike, ya shige ƙarƙashin wata mota da ake juye wa baƙin mai, ya yi ta birgima. Da ya fito, ga rawaya ga baƙi, layi-layi.

Bakanike ya zaro kai daga ƙarƙashin motar, fuskarsa duk mai.

"Sai-Ni, asibiti za ka buɗe ko wurin fenti? In fenti ne akwai motar da nake so a yi wa irin wannan."

"Ka yi dariyarka. Ranar da akuyarka ta kwanta, a layi za ka tsaya kamar kowa."

"Akuyata ta ga karen nan, tun jiya ta warke."

A kwana na huɗu ya ce saura hayaƙi. Ya zuba garwashi a kasko a tsakar gida, ya barbaɗa busasshen ganye, ya ɗauko bargon matarsa, ya ce zai lulluɓe kare da kaskon gaba ɗaya don hayaƙin ya ratsa shi. Kare ya yarda da wanka, ya haƙura da tafarnuwa, amma bai yarda a gasa shi ba. Ya yi tsalle ɗaya ya bar bargo a kan wuta, ya bar Sai-Ni zaune a ƙasa, ya tafi da rabin ƙafar wandonsa a baki. Matar ta fito da bokiti ta kashe wutar, ta ɗaga bargon ta leƙo shi ta cikin ramin da ya ƙone.

"Tukunyata ta zama rawaya, bargona ya zama taga. Saura me, maigida?"

"Duk wani babban likita sai da ya yi asara kafin duniya ta san shi."

"Nasa yake asara ko na matarsa?"

Daga ranar kare ya yanke hulɗa da Sai-Ni. Ya koma can ƙuryar tsakar gida, bakin ƙofar banɗaki inda akwai inuwa, ya mai da wurin gidansa. Ko tarin Sai-Ni ya ji, sai ya yage leɓe ya nuna haƙora. Matar kaɗai yake bari ta matso, don ita ce mai ba shi abinci da ruwa, kuma ita ba ta taɓa zuwa masa da tukunya ba. In Sai-Ni zai kewaya, sai ta riƙe masa kare tukuna. Wannan bai sa ya yi sanyi ba. Ya ce kare ya samu ƙarfi, shi ya sa yake faɗa, kuma lokacin buɗe asibiti ya yi.

Ya samo wani tsohon allo ya rubuta da baƙin fenti: ASIBITIN KARNUKA DA SAURAN DABBOBI, GANYE ZALLA. Ya bi gida-gida ya ce ranar buɗewa dubawa kyauta ce. Ya dafa damin filiskon nan kaf a tukunya ɗaya, ya jefa citta, ya raɗa masa suna Wanke-Hanta.

Da safiyar kwana na shida mutane suka taru, ba don suna da mara lafiya ba, sai don ba a kallon kyauta kullum. Ba wanda ya kawo ko ɗan tsako. Sai-Ni ya sa rigarsa ta fita, ya hau benci ya yi bayanin hanta har rana ta fara zafi. Sannan ya roƙi matarsa ta fito da kare, tunda shi ba ya iya matsawa kusa. Aka ajiye kwanon Wanke-Hanta a gabansa. Kare ya sunsuna, ya yi atishawa, ya juya baya, ya tone ƙasa da ƙafafun baya ya watsa a kwanon.

"Mara lafiya ya faɗi ra'ayinsa," in ji tela.

"Dabba ce, ba ta san abin da zai amfane ta ba."

"Ni kuwa sai na ga kamar ta sani," in ji bakanike. "In maganin kirki ne, sha mu gani."

"Ka ɗauka ba zan iya ba?"

"Ban ce komai ba. Ga kofi, ga tukunya."

Matarsa ta matso ta yi ƙasa da murya. "Maigida, ka rufa wa kanka asiri."

Ai kamar ta zuga shi. Ya cika kofi ya shanye, ya yatsine fuska, ya mai da ita murmushi. Mai wanki ya ce kofi ɗaya ai ko jinjiri ya sha. Ya ƙara na biyu. Tela ya ce shi bai gani da kyau ba, tabaransa sun yi hazo. Ya ƙara na uku, ya kife kofin, ya bugi ciki.

"Ku dawo da la'asar ku ga yadda jikina zai yi. Wanda ya kawo buhun siminti zan ɗaga masa da hannu ɗaya."

Da la'asar taron ya ninka na safe, don labari ya zaga har layin baya. Sai-Ni ya sake hawa benci. Ya kai daidai inda yake cewa likitocin zamani duk ganye suke sata su matse shi su mai da shi ƙwaya, sai cikinsa ya yi wata ƙara kamar ana jan tebur a kan siminti. Na gaba-gaba duk suka ji.

"Hadari ne?" in ji tela, yana duban sama.

"Magani ne yake gaisawa da hanta," in ji Sai-Ni, gumi na tsattsafo masa a goshi. "Kamar yadda nake cewa, su waɗannan likitoci..."

Ƙara ta biyu ta fi ta farko tsawo. Ya sauko daga benci a hankali, gwiwoyi a haɗe, ya ce zai shiga ya ɗauko wani littafi. Taku uku na farko da mutunci ya yi su, sauran kuwa da gudu. Jama'a suka bi shi har bakin ƙofa, waɗanda ba su samu wuri ba suka leƙo ta katanga.

Kare na kwance a wurinsa, ya ɗora haɓa a kan dokin ƙofar banɗaki. Da ya ga mai tukunya ya nufo shi a guje, sai ya miƙe, gashin wuyansa ya tashi, ya fara gurnani daga can cikin ƙirji.

Sai-Ni ya ja birki. "Haba ɗan'uwa. Matsa kaɗan. Ni da kai ai ba ta ɓaci."

Kare ya ƙara taku ɗaya gaba.

"Ke, zo ki riƙe shi."

Matar na tsugunne tana dirzar tukunyarta da toka, ba ta ko ɗago ba. "Ni me na sani ban da ƙanƙara?"

"Don girman Allah."

"Bari in ga ko rawayar nan za ta fita tukuna."

Ya juyo wajen ƙofa yana rawa a ƙafa ɗaya. Ya tambayi tela ko akwai makewayi a bayan shagonsa, tela ya ce makullin ya ɓata tun bara. Ya dubi mai wanki, mai wanki ya ce nasa fari ne, ba ya son a ɗiga masa komai. Bakanike ya ce shi dai ya kawo buhun simintin, yana nan waje yana jira.

Ana cikin haka mota ta tsaya a ƙofar gida. Mai katako ne ya dawo kwana ɗaya kafin lokaci, saboda likitan dabbobi ya buga masa waya ya ce har yau bai ga kare ba. Tare suka shigo, likitan riƙe da jakarsa. Mai katako ya tsaya ya dubi dabbar da ke ƙuryar gida, rawaya da baƙi, da ragowar tafarnuwa a wuya.

"Ina karena?"

Kare ya ji muryar ubangidansa, ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya. Kafin ya iso, Sai-Ni ya riga ya shige banɗaki ya banko ƙofa. Bai ko tsaya gaisuwa ba.

Likita ya tsuguna, ya shafa kan karen, ya haska kunnen da ƴar fitila. Ya zaro ɗan hantsaki daga jaka, ya sa a hankali, ya fito da kaska guda, ta sha jini ta yi bul-bul. Ya goge kunnen, ya ɗiga magani. Duka-duka aikin bai kai a tafasa shayi ba. Kare ya girgiza kai, ya miƙar da shi daidai a karon farko cikin kwana uku.

"Shi ke nan ciwon," in ji likita, yana nuna wa jama'a kaskar. "Me aka yi ta ba shi?"

Matar ta lissafa masa tun daga wanka har hayaƙi. Likita ya ce ruwan darbejiya a fata, in an san yadda za a yi, yana korar ƙuma, amma ba a ɗura shi a kunne. Da ya ji zancen tafarnuwa a abinci sai fuskarsa ta canja, ya ce tana lalata jinin kare, ya tambaya kwana nawa yana ci.

"Ko loma bai ci ba," in ji matar. "Da maigida ya juya baya nake zubarwa in zuba masa wani."

"To ke kika yi jinyar." Ya sunkuya ya sunsuna tukunyar Wanke-Hanta, ya ja da baya. "Wannan fa? Da ya sha ko rabin kwano, da yanzu rami ake haƙa."

"Shi bai sha ba," in ji tela daga bakin ƙofa. "Likitan ne ya sha. Kofi uku."

Mai katako ya taka har ƙofar banɗaki ya ƙwanƙwasa.

"Me na ce ka yi?"

Sai wata ƙara da ba ta baki ba ta amsa. Can murya ta fito a shaƙe. "Yaya, sannu da hanya. Ai ni na taso da kaskar nan daga hanta ta hau kunne. Shi likita tsinta kawai ya yi."

Jama'a suka kwashe da dariya, har wani ya faɗo daga katanga. Mai katako bai yi dariya ba.

"Zancen gadi ka manta da shi. Wanda kare ya tsare wa ƙofar banɗaki ba zai tsare mini katako ba. Kuma gobe ka je ka taya mai wanki dirzar rigunan mutane, in ka iya tsayuwa."

Ya kama igiyar karensa ya nufi mota. Likita ya rufe jaka zai bi shi, sai matar ta tare shi da ladabi.

"Likita, kafin ka tafi, ko za ka taimaka ka duba wancan na ciki?"

"Baiwar Allah, ni na dabbobi ne."

"Na sani. Shi ya sa na ce kai."

Likita ya danne dariya, ya ce ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari ya yi ta kurɓa, in bai tsaya ba zuwa gobe a kai shi asibitin mutane, kuma a tabbata an kai shi, kada a bar shi ya kai kansa.

"Dama abin da nake shirin rubuta wa kaina ke nan," in ji murya daga bayan ƙofa.

Matar ta ɗauki tukunyar Wanke-Hanta ta juye a kwata, ta fita ta ciro allon asibitin daga bango, ta dube shi gaba da baya, ta ce ko ba komai zai yi murfin akwatin ƙanƙara.